Yadda ake yini guda tsakanin kwalekwalen roba da igiyar matsirga

Ranar da na gaya wa Inna ta waya cewa zan shiga kwalekwalen roba a wani kogin Malesiya, daga nan kuma in sauko daga kan dutse da igiya ruwa na zuba a kaina, shiru ta yi har na ɗauka layin ya yanke. Can sai ta ce, "Wagga wace irin rigima ta? Karatu munka aike ka ko neman suna?" Ban ga laifinta ba. Mu a Sakkwato ruwa abin aiki ne: a yi noman rani, a kama kifi, a tsallaka zuwa kasuwa. Wanda ya biya kuɗinsa don ruwa ya jijjiga shi, addu'ar samun lafiya za a yi masa. To amma ga shi yanzu ƙannenmu da ke karatu a Malesiya da Yuganda sun dame ni da tambaya, hutu ya zo, abokai sun haɗa tafiya, yaya abin yake? Ga yadda yinin yake tafiya, tun daga neman kamfani har dawowa masauki.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin komai. Jikinmu a gulbin Rima ya koyi ruwa, ruwa kwance, ƙasansa yashi da laka. Duk wanda ya zame a can, abin da jiki ke gaya masa shi ne ya miƙe tsaye ya lalubi ƙasa da ƙafa. Haka nan wanda ya taɓa hawa katanga ya san a manne da bango ake tsira. Waɗannan ɗabi'u biyu su ne ke ji wa mutum ciwo a wannan wasa. A kogi mai duwatsu ba a miƙewa, a jikin matsirga kuma, wato inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ba a rungumar dutse.

Inda ake zuwa

Daga Goronyo zuwa Kwalkwalawa har Argungu babu gangaren da zai sa ruwa ya yi kumfa, don haka wannan harka ta matafiyi ce. Nijeriya na da matsirgai masu kyau, irin Gurara a Jihar Neja da Farin Ruwa a Nasarawa, amma kyan wuri bai isa ya sa ka sayi igiya a kasuwa ka je ka ɗaura wa bishiya ba. Abin da ake saye da kuɗi shi ne jagora mai horo da kayan da aka gwada.

In kana Malesiya, wurin da aka fi haɗa abu biyun a yini ɗaya shi ne Gopeng, a Jihar Perak, kudu kaɗan da birnin Ipoh, tafiyar awa biyu da 'yan kai a mota daga Kwala Lamfur. Da safe a bi kogin Kampar, bayan cin abinci a hau daji zuwa matsirgar Ulu Geruntum. Nan na yi nawa. A Kenya akwai Sagana, a kan kogin Tana, ana zuwa daga Nairobi a dawo a ranar. A Yuganda abin ya rabu gida biyu: kwalekwale a Jinja, inda kogin Nilu ke fita daga tafkin Biktoriya, kimanin kilomita 80 daga Kamfala, igiya kuma a matsirgar Sipi a gefen dutsen Elgon, inda ake saukowa mita 100 a gefen ruwan. 'Yan Jami'ar Musulunci ta Mbale su ne kusa da Sipi. Kada wani ya ce maka zai haɗa Jinja da Sipi a yini guda, kwana biyu ne. A Jinja ma madatsar Bujagali ta 2012 da ta Isimba ta 2019 sun shanye wasu daga cikin tsofaffin gangaren, shi ya sa yanzu can ƙasa da garin ake farawa. Sai Zambezi a ƙarƙashin matsirgar Biktoriya, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Wannan ba na mai koyo ba ne, a ganina.

Ana auna ƙarfin kogi da daraja shida. Ta ɗaya da ta biyu 'yar igiyar ruwa ce da yaro ma zai ji daɗi. Ta uku tana jiƙa mutum sharkaf, tana iya jefar da shi. Ta huɗu da ta biyar kifewar jirgi abu ne da ake sa rai da shi. Ta shida kamfanin kirki ba ya saka baƙo a ciki, ɗaukar jirgin ake yi a kai a zagaye ta tudu. Kampar na tsakanin ɗaya da uku. Nilu da Zambezi suna kaiwa biyar. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a uku.

Zaɓen kamfani

A nan ne ake gyara tafiya ko a ɓata ta, tun kana ɗakinka. Araha ba ta ado. Rubuta musu ka tambaya: jagororinku wace takardar horo suke da ita? Da yawa daga na kirki suna riƙe da shaidar Ƙungiyar Tuƙin Kwalekwalen Roba ta Duniya, wadda ake taƙaitawa da IRF, ga kuma horon agajin gaggawa. Akwai masu ƙananan kwalekwalen mutum ɗaya da ke tsare jirgi don tsamo wanda ya faɗa? A matsirga igiya nawa ake ɗaura wa mutum? Amsar da kake so ita ce biyu, ɗaya a hannunka, ɗaya a hannun jagora. In ruwan sama ya sauka kogi ya cika, fasawa ake yi ko ɗagawa, kuma kuɗina fa? Kuɗin ya haɗa da mota da abinci da inshora?

Kamfanin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa. Mu a karon farko wani muka samu mai rangwame, muka tura kafin alƙalami, da na tambayi zancen igiya ta biyu sai aka turo min hotunan mutane suna dariya. Muka bar musu kuɗin muka nemi wani.

Ka duba inshorar tafiyarka ma, don da yawa suna cire irin wannan wasa daga abin da suke biya. Mai tasowa daga gida kuma ya tabbata katin rigakafin shawara na cikin fasfo, ana tambayarsa a Yuganda da Malesiya.

Daren jajibiri

Bar kaftani da jallabiya a masauki. Yadin auduga in ya sha ruwa nauyi yake yi, ya manne, ya sa ka rawar ɗari. Nemi rigar 'yan ƙwallo da wando irin na motsa jiki wanda ya wuce gwiwa, ka rufe al'aura kuma ka kare fatar gwiwa daga dutse. Takalmi kambas mai igiya, ko sandal mai maɗauri a dunduniya. Silifas kyauta ce kake kai wa kogi. Zoben azurfa, agogo, laya, duk a cire. Mai tabarau ya ɗaure shi da zare ta ƙeya. Kayan canji da tawul da sallaya su zauna a mota cikin leda. Waya ma ta zauna, kamfanoni na da mai ɗaukar hoto.

'Yan'uwa mata, a nan sai an yi magana ƙeƙe da ƙeƙe. Dogon hijabi har ƙasa haɗari ne a wurare biyun: a ruwa yana naɗe fuska da hannu, a igiya kuma ƙarfen da igiya ke bi ta cikinsa wajen sauka yana iya cafke shi ya ja wuya. A sa ƙaramin hijabi mai kama kai, a cusa gefensa cikin riga, ba allura ba fil. Riga mai dogon hannu da wando, rigar ruwa kuma, wato mai hana nutsewa, za ta rufe ƙirji da baya. A Malesiya wannan shiga ba baƙuwa ba ce, matan ƙasar haka suke zuwa. Tun wajen biyan kuɗi a nemi mace cikin ma'aikata ta ɗaura ɗamarar da ake maƙala wa igiya, in babu, jagora ya nuna, 'yar'uwa ta ɗaura, shi ya duba da ido.

Ka yi barci da wuri, ka karya da abu mara nauyi. Ranar azumi ba ranar wannan ba ce, ruwa sai ka sha ko kana so ko ba ka so.

A bakin kogi

Za a ba ka takarda ka sa hannu, a ciki akwai tambayar lafiya. Mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya ko hawan jini, mai sikila, mai kafaɗar da ta taɓa gocewa, duk a rubuta. Mai juna biyu ta haƙura. Akwai kuma tambayar da ke kayar da 'yan'uwanmu: ka iya iyo? Na ga ƙato ya ce ya iya don akwai 'yan mata a wurin. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Nan daji ne. Ka faɗi gaskiya, jagora zai zaunar da kai kusa da shi ya sa maka ido.

Kaya uku ne: rigar ruwa, hular kwano, da filafili. Ɗaure rigar tun daga maɗaurin ƙasa zuwa sama, tam, har ka ji numfashi ya ɗan takura. Sa abokinka ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta haura kunnuwanka, ba ta ɗauru ba, sake. Da wannan kafaɗar za a tsamo ka in ka faɗa, to in sako-sako take, riga za a ciro a bar ka. Hula kada ta yi rawa in ka girgiza kai.

Filafilin yana da mariƙi a sama mai kama da kan sanda. Tafin hannunka ɗaya ya rufe shi ko da yaushe, ko kana hira ko kana ihu. Yawancin jinin da ake gani a jirgi daga nan yake fitowa, wani ya saki mariƙi ya doki bakin maƙwabcinsa.

Daga nan jagora zai yi bayani na minti ashirin zuwa talatin, yawanci da Turanci. Umarnin bai wuce biyar ba: tuƙa gaba, tuƙa baya, tsaya, ku faɗa ciki ku riƙe igiya, sai ku koma gefe kaza. Wannan na ƙarshe shi ne idan jirgi ya hau dutse yana neman kifewa, kowa ya watsa nauyinsa gefen da ya ɗaga. In Turancin jagoran bai shige ka ba, ɗaga hannu ya maimaita. Ba a zama a tsakiyar jirgi kamar a kwalekwalen kasuwa. A kan gefen da ya kumbura ake zama, mutum shida ko takwas, ƙafa a cushe ƙarƙashin matashin da ke gicciye, jagora a baya. Na gaba biyu su ne ke ba da kiɗa, kowa ya bi filafilinsu. Ka karanta "Bismillahi majreha wa mursaha", ka shiga.

Idan ka faɗa

Wannan ɓangare na fi so ka karanta sau biyu, don ni ban ji bayani da kunnen basira ba sai da ruwa ya koya min. A gangare na uku ko na huɗu jirginmu ya bugi dutse ta gefena. Ban san lokacin da na bar wurin zama ba, sai dai na ga komai fari, kunne na guuu. Da kaina ya fito, sai jikin ɗan Rima ya yi abin da ya saba, na sauke ƙafafu ina neman ƙasa. Na kuwa same ta, ruwan bai fi ƙirjina ba. Ƙafar hagu ta shige tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya turo ni ta baya, fuskata ta nufi ƙasa. Allah ya taimake ni igiyar takalmin ba ta ɗauru sosai ba, ƙafa ta zare ta bar takalmi. Da ya riƙe, ruwan da bai kai wuyana ba zai iya danne ni in kasa ɗagowa. Jagoran, wani siririn saurayi da bai kai ni shekaru ba, bai yi min faɗa ba. Ƙafarsa kawai ya ɗaga sama ya nuna min yatsu.

Ga yadda ake yi. In jirgi na kusa, kama igiyar da ta zagaye shi. In ya yi nisa, kwanta rigingine, ƙafafu su fuskanci inda ruwa ke tafiya, yatsun ƙafa a saman ruwa, gwiwa a ɗan lanƙwashe don ka tokare dutse da tafin ƙafa. Numfashi a tsakanin igiyoyin ruwa ake ɗaukarsa: in ka ga tudun ruwa na zuwa, rufe baki, in ka gangara, shaƙa. Ka dubi jagora, inda ya nuna da hannu nan ne tsira, ba a nuna wurin haɗari. In ya ce ka yi iyo, juya rub da ciki ka yi da ƙarfi. Ba za ka miƙe ba sai ruwa ya lafa kuma bai wuce gwiwa ba.

Bishiyar da ta faɗo cikin kogi ta fi dutse sharri, ruwa na wucewa ta rassanta kamar rariya, mutum kuwa ba ya wucewa. Guje ta tun daga nesa. In an jefo maka jakar igiya, igiyar za ka kama, don jakar warwarewa za ta ci gaba da yi. Ɗora ta a kafaɗa, kana rigingine, a ja ka. Kada ka naɗe ta a hannu ko a wuya. In jirgi ya kife ka tsinci kanka a ƙarƙashinsa, akwai iska a ciki, shaƙa ɗaya, sannan ka bi da hannu ta gefe guda har ka fito, kada ka yi ta sauya hanya. In kuma abokinka ne a ruwa, ajiye filafili, kama kafaɗun rigarsa, ka faɗa da baya cikin jirgi, nauyinka zai shigo da shi. Ba a jan mutum ta hannu, kafaɗa na gocewa.

Awa biyu zuwa uku ake yi a ruwa. Tsakanin gangare da gangare akwai wuraren da kogi ke kwantawa, a nan jagora kan ce a diro a gwada kwanciyar nan. Diro ka gwada, ko da kana ganin ka gane.

Tsakar rana

Abinci a Gopeng ba matsala, shinkafa ce da kaza ta halal, kuma akwai wurin salla. A Yuganda da Kenya ka faɗa tun wajen biya. Daga Kwala Lamfur tafiyar ta haura mil 48 na kasaru nesa ba kusa ba, amma zancen haɗa Azahar da La'asar ka tambayi malaminka tun kafin ranar, kada sai kana jiƙe kana lissafi. Ni na yi Azahar a nan da ƙafa ɗaya ba takalmi, wani direba ya ara min nasa na roba.

A kan dutse

Zuwa matsirga akwai 'yar tafiya a ƙasa cikin daji, ga santsi, ga matsattsaku a lokacin ruwa. In ya kama ka, tura shi ta gefe da farce, kada ka fizge.

Ɗamarar tana da maɗauri a ƙugu da biyu a cinya. Na ƙugu ya zauna saman ƙashin kwankwaso, yadda ko ka juye kai ƙasa ba za ka zare ba. A gabanta ake maƙala ƙugiya mai makulli, a jikinta kuma ƙarfen sauka, sau da yawa mai siffar lamba 8, wanda igiya ke bi ta cikinsa tana gogawa. Gogayyar nan ce ke ɗauke nauyinka, shi ya sa yarinya 'yar shekara goma sha biyu ke iya riƙe kanta da hannu ɗaya. Wanda ya taɓa kallon masu yasar rijiya a unguwa ya san rai na hannun mai riƙe igiya a sama. To a nan ma akwai shi, yana riƙe da igiya ta biyu, ko ka saki taka ba za ka faɗi ba. Kafin ka matsa baki, kai da jagora ku duba tare: ɗamara, makullin ƙugiya a murɗe, hula, safar hannu, ba riga ko gemu ko gashi kusa da ƙarfe. Kalli kuma inda aka kafa igiyoyin, ya kamata ka ga mazauni fiye da ɗaya.

Hannun da kake cin abinci da shi shi ne birki. Ya riƙe igiyar da ta fito ƙasan ƙarfe, a ajiye shi gefen ƙugu ta baya. Matse, ka tsaya cak. Sassauta, ka sauka. Ba ya barin igiya, ko ƙuda ya shiga ido. Ɗaya hannun don daidaito ne kawai.

Taku uku na farko su ne duk wahalar. Za ka juya wa rami baya, dunduniya a bakin dutse, jagora ya ce kwanta baya. Duk jikinka zai ce ƙarya ne. Buɗe ƙafafu faɗin kafaɗa, ka sassauta igiya kaɗan kaɗan ba tare da ka motsa ƙafa ba, har ɗuwawunka su sauka daidai da tafin ƙafarka, kamar mai zaune a kujera ya miƙe ƙafa jikin bango. Sai a lokacin za ka fara takawa. Tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse, ƙaramin taku, ba tsalle irin na fim. Dutsen da ruwa ke bi kullum gansakuka ce a jikinsa, kuma iya nisan da ka kwanta baya, iya yadda takalminka ke danne shi. Wanda tsoro ya sa ya miƙe ya matso jikin dutse, ƙafarsa ce ke zamewa, gwiwa da haɓa su sha bugu. In ka zame, kada ka saki birki. Tsaya a rataye, ɗago gwiwa, mai da tafin ƙafa jikin dutse, tura, ci gaba.

Inda ruwa ke dukan kai, ba za ka ji muryar kowa ba, hula na ƙara kamar ƙanƙara a kan kwano. Sunkuyar da kai, haɓa a ƙirji, bakin hula zai bar maka ɗan sarari na numfashi. Kalli ƙafafunka, kada ka tsaya a nan, ci gaba da takawa har ka fita. A ƙasa akwai wanda zai kwance ka. Da ya kwance, matsa nesa da gindin dutse, hula a kai, don na sama na iya turo tsakuwa.

Matsirgar Ulu Geruntum gajera ce, ta masu koyo, minti kaɗan ka sauka. Sipi wani abu ne daban: bayan an ɗan sauko dutsen yana shigewa ciki, sauran tafiyar a iska kake rataye kana juyawa. Masu son abin ya kai maƙura suna zuwa Maletsunyane a Lesoto, mita 204.

Ka sa ido ga launin ruwa. Mun san yadda kwari ke cika a damina alhali ko ɗigo bai sauka a garinmu ba, ruwan wani wuri ne ya gangaro. Haka kogunan dutse suke, kuma sun fi sauri. Ruwa ya rikiɗe ja, ganye da itace sun fara wucewa, ƙara ta ƙaru daga sama, to a hau tudu nan take. A Malesiya ruwan sama ya fi sauka da yamma, shi ya sa jagora ke gaggauta mutane. In ya ce an fasa, an fasa, ko kai kaɗai ka rage a layi.

Bayan an dawo

Yi wanka da sabulu, wanke duk ƙujewa ka sa magani. Ihsani ga jagora da direba al'ada ce, ku haɗa a ba su. Sannan ka riƙe ranar a kai. In zazzaɓi da ciwon kai da ciwon ƙwauri suka taso cikin mako ɗaya zuwa huɗu, kada ka ce maleriya ce ka sayi magani a kemis. Gaya wa likita ka shiga kogi, don akwai cutar da mutanen Malesiya ke kira ta fitsarin ɓera, ta ruwa ake ɗaukarta, kuma tana jin magani in an kama ta da wuri. Wanda ya shiga Nilu kuwa, tsargiya ce abin dubawa, wadda muka sani a fadamunmu. Ba ta nunawa nan da nan, sai a bari mako shida zuwa takwas a je a yi gwaji, ko ba a ga jini a fitsari ba.